Kuɗin da ba a biya a bakin kasuwa: daga mudun wake zuwa buhun gawayi a Gombe

Matar da ta je auno wake, abu na farko da take yi shi ne ta cusa hannu cikin buhu ta ɗebo, ta baza a tafinta ta duba. In ta ga huji ko ƙwaro yana yawo sai ta mayar ta yi gaba. In ta ga ƙwaya fes, sai a shiga ciniki. Haka iyayenmu suka koya mana, kuma a zamaninsu dabarar daidai take. Amma a yau, idan damina ta yi nisa, wake ya shafe wata takwas ko tara a ajiye, buhun da babu ƙwaro ko ɗaya a cikinsa shi ya fi cancantar a tsaya a yi tambaya a kansa. Wake ba ya kai wannan lokaci lafiya ƙalau haka kawai. Ko dai an adana shi inda iska ba ta shiga, ko kuma an zuba masa wani abu.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Uwar tana saka ƙwai a jikin kwanso ko a kan ƙwayar, tsutsa ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama uwa ita ma. A zafi irin namu, buhu na iya komawa gari cikin 'yan watanni. To ka dubi ɗan kasuwar Tudun Hatsi da ya zuba jarinsa gaba ɗaya, wani lokaci har da na aro, ya sayi buhu ɗari da kaka yana jiran farashi ya ɗaga. Ya san mai saye ba zai karɓi mai huji ba. Ya san kwalbar magani ba ta kai kuɗin mudu biyar ba. Abin da da yawa suke ɗauka shi ne sinadarin DDVP, wanda aka fi sani da sunan Sniper, shi ne kuma tushen fiya-fiya da ake kashe sauro da kyankyasai. An yi shi ne don feshi, ba don a cakuɗa da abin da mutum zai dafa ya ci ba. Wasu kuma ƙwayar fostoksin suke jefawa, wadda ke fitar da iska mai guba. Ita in an yi amfani da ita yadda aka tsara, a sito rufaffe, a kuma shanya hatsin ya sha iska kafin a sayar, haɗarinta ga mai ci kaɗan ne. Amma in aka ajiye buhun a ɗakin da mutane ke kwana, iskar tana kisa.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalilinta shi ne ragowar DDVP da ta yi ta samu a cikinsa. Iyakar da ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami kayan da ya kai 4.6, wato ya ninka iyakar sau 460. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, waken da ake fitarwa waje ba wata gona ta daban ake noma shi ba. Daga kasuwanninmu ake tara shi. Bambancin kawai, can akwai ɗakin gwaji a bakin tasha, nan kuwa babu mai gwada mudun da ake auna wa mai ƙosai. Mu a Gombe ba labari aka ba mu ba: a 2008 ɗalibai mata sama da ɗari na wata makarantar kwana a jihar nan sun kwanta a asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. Irin wannan shi ne wanda ake gani, da amai da dalalar yawu da sarƙewar numfashi. Wanda ba a gani shi ne ɗan kaɗan ɗin da ke shiga jiki a kai a kai, shekara da shekaru. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa DDVP cikin jerin sinadaran da ake zargin suna iya haddasa cutar.

Mafita kuwa akwai ta, kuma ba sabuwa ba ce. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro suka fara yaɗawa a 2007, in aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfi ma suna yin wannan aiki. Matsalar ita ce buhun ya fi kwalbar guba tsada, kuma ɗan kasuwar da ya kashe wannan ƙarin kuɗi, idan ya buɗe wakensa a kasuwa, ba shi da abin da zai bambanta shi da na maƙwabcinsa. Dukansu fes. Mai saye zai tafi wajen wanda ya rage masa naira hamsin. Ka ga kasuwa, ba da niyyar kowa ba, tana hukunta mai gaskiya tana saka wa mai algus.

A nan ne gundarin maganar take. Kowane kaya yana da farashi biyu. Akwai wanda ake faɗa a bakin rumfa, a taya, a sallama. Akwai kuma ragowar da ba ta shiga ciniki ba, amma dole wani ya biya ta: da lafiyarsa, ko da gonarsa, ko da aikinsa da ya rasa, ko da ruwan rijiyar ƙauyensu. Kamar bashi ne da mutum ya ci aka rubuta da sunan maƙwabcinsa. Abubuwa uku ne ke ɓoye wannan ragowa. Wanda ya jawo ɓarnar ba shi ke ɗaukar ta ba, don haka ba ya sa ta a lissafi. Mai saye ba ya iya gani da ido. Sannan tsakanin wanda ya samar da kaya da wanda ya yi amfani da shi akwai hannaye da yawa, manomi, ɗan kwamisho, dillali, mai sito, direba, mai kiri, kowa ya san wanda ya karɓa daga hannunsa da wanda ya miƙa wa, ba wanda ya san tafiyar gaba ɗaya. A ƙasashen da suka ci gaba, idan ana wannan magana yawanci ana nufin mai saye yana Turai, wanda ya sha wahala yana Bangaladash ko Kwango. Mu lamarinmu ya fi haka ciwo, domin sau da yawa mu ne masu sayen, mu ne kuma masu biyan ragowar.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar gawayi. Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri ya ga buhunan jere a gefen titi, an cika su sun yi tozo, an ɗaure baki da igiya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa da suka riga suka saba da shi. Kananzir dama ya daɗe da barin kicin ɗin talaka. Sai aka koma gawayi, gida da mai shayi da mai tsire da tela mai dutsen guga, gidajen burodi kuma suna cin itace mota-mota.

Yadda ake ƙona gawayi a dajinmu, a tara gungume a rufe da ciyawa da ƙasa a sa wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali, sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Saura ya tafi a hayaƙi. Kuma ba kowane ice ne ke ba da gawayin da mai saye ke so ba. Ana neman mai nauyi, mai daɗewa a murhu, wanda ba ya tartsatsi, shi ya sa gatari ke fara sauka kan ƙirya da marke. Da suka yi ƙaranci sai aka shiga kaɗanya da ɗorawa. Waɗannan biyun ba itatuwan daji ba ne kawai, jari ne na matan karkara. Daga kaɗanya ake samun man kaɗe, daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa da garin ɗorawa. Kaɗanya tana shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, sannan ta yi ta bayarwa har jikoki su ci. A sare ta rana ɗaya a sami 'yan buhuna. Kuɗin buhunan ya shiga aljihu sau ɗaya, matar da ke tsintar ƙwara a gindinta ta rasa na kowace shekara, mai miya a birni kuma ta ga daddawa ta ƙara kuɗi ba ta san daga inda abin ya taso ba.

Sai maganar ƙasa. Garin Gombe a kwari yake zaune, ƙasarsa mai rairayi ce, ruwa na saurin tafiya da ita. Idan tuddan da ke kewaye suka zama fili, ruwan sama ba ya samun abin da zai rage masa gudu, sai ya gangaro da ƙarfi ya yanki ƙasa. Ba zan ɗora wa gawayi laifin kwazazzaban cikin gari shi kaɗai ba, domin gine-gine barkatai a kan hanyar ruwa da rashin magudanai suna da babban kaso. Amma sare itatuwa yana ciki, kuma gyaran ba kyauta ba ne. Shirin ACReSAL da ake aikin kwazazzabai da dashen itatuwa da shi a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ne da Bankin Duniya ya amince da su a ƙarshen 2021, kuma rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin 3G a 2019 da burin dasa itatuwa miliyan guda kowace shekara, abu ne mai kyau da ya cancanci yabo. Sai dai dashen da ke buƙatar shekaru ana ba shi ruwa ana kare shi daga awaki ba zai iya tsere da injin yankan katako ba.

Akwai kuma abin da ake biya a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje yana kashe kimanin mutum miliyan uku a duniya kowace shekara, mata da ƙananan yara ne a gaba. Gawayi bai kai ɗanyen ice hayaƙi ba, amma yana fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda in aka shigar da kasko ɗaki aka rufe ƙofa da taga a lokacin hunturu, mutum na iya kwanciya bai tashi ba.

Duk da haka, ba na yarda da masu nuna wa matar da ke girki da gawayi yatsa. Me za ta dafa da shi? Shi ma mai ƙonawa a daji, wanda ke kwana a gindin wuta yana shaƙar hayaƙi, shi ne mafi ƙarancin riba a duk tafiyar. Masu mota da masu sari su ke kwashe romon. Dokar hana sara da jihohi ke sanarwa lokaci zuwa lokaci, in ba a haɗa ta da makamashi mai sauƙi ba, abin da take haifarwa shi ne ƙarin shingaye a hanya da ƙarin kuɗin buhu. Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, har yau tana ƙone wani kaso nasa a banza a rijiyoyin mai, alhali 'ya'yanta suna cinye dajinsu don su dafa tuwo. Wannan ba laifin mai kasko ba ne. Abin da ke hannunta shi ne murhu mai tsimin gawayi, irin mai yumɓu a ciki, wanda ke rage abin da ake ƙonawa sosai, da jiƙa wake kafin a ɗora, da rufe tukunya. Ƙananan abubuwa ne, amma kuɗin cefane suke ragewa tun a makon farko.

Tumatir kuma wani irin ciwo ne daban. Daga watan ɗaya zuwa na uku, in ka je Kwadon ko gonakin rani na Dadin Kowa, za ka ga tumatir ya cika ya batse, manomi yana roƙon a taya. Kwandunan da aka loda wa manyan motoci zuwa Kudu ana ɗora su ne wani kan wani, na ƙasa ya matse, ya yi kwana biyu ko uku a hanya cikin rana da shingaye. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na tumatirin ƙasar nan yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Wanda bai samu shiga mota ba a yanka shi a shanya ya zama kauɗa, sau da yawa a ƙasa, cikin ƙura. Bayan wata huɗu, da damina ta sauka, tumatir ya zama sai mai hali, kowa ya koma na leda da na gwangwani.

Shi wannan na leda, ko da an rubuta cewa a Legas aka ƙulla shi, da yawansa asalinsa kakkauran markaɗe ne da ake shigowa da shi cikin duro-duro, akasari daga Sin, a nan a tsinka shi a zuba a leda. Ka juya bayan ledar ka karanta abin da aka haɗa. Wasu tumatir ne da gishiri. Wasu kuwa za ka ga an lissafa sitaci, da sukari, da dusar waken suya, da launin abinci, tumatirin wani kaso ne kawai. Ba haramun ba ne sayar da shi tunda an rubuta, amma matar da ke ganin miyarta ta yi ja tana zaton tumatir ta zuba, ya kamata ta san abin da ta biya. Mafi yawan tumatirin masana'anta na ƙasar Sin daga yankin Shinjiyan yake fitowa, yankin Musulmi 'yan ƙabilar Uigur. A watan Janairun 2021 Amurka ta hana shigar da auduga da kayan tumatir daga can bisa zargin ana tilasta wa mutane aiki. Gwamnatin Sin ta musanta zargin. Mai saye a Gombe ba shi da hanyar tantance gonar da ledarsa ta fito, amma bai dace a ce bai ma san akwai wannan magana ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, me ya hana mu sarrafa namu? An gwada. An yi masana'antar Vegfru kusa da Dadin Kowa, an yi ta Manto a Kumo, duk sun tsaya. Masana'antar Dangote da ke Kadawa a Kano, wadda aka gina don ta markaɗe tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma tun daga nan tana buɗewa tana rufewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Masana'anta tana buƙatar tumatir kullum a farashi tsayayye, manomi kuwa idan kasuwa ta yi kyau can zai kai, kuma ba za a ga laifinsa ba. Abin da hekta ɗaya ke bayarwa a nan bai kai rabin rabin na ƙasashen da ke noman masana'anta da inji da iri na musamman ba. Ga wuta babu, sai dizal. Ga rancen banki mai tsada. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗen zuwa kashi 50 cikin ɗari da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan, amma haraji kaɗai ba ya gina madatsa, ba ya ba manomi iri, kuma iyakokinmu a buɗe suke ga fasa-ƙwauri. Saboda haka duk ledar da muka saya, dala ce ta fita, a ƙasar da ƙarancin dala ke sa komai tsada, aiki kuma ya tafi wa matashin wata ƙasa.

Labarin atamfa irin wannan ne, sai dai shi ya riga ya faru ya ƙare. Auduga ce ta gina Gombe. Sunan unguwar BCGA daga kamfanin audugar Turawa ya samo asali, wanda ya kafa injin gurza a garin a shekarun 1950, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963 yana kwasar kaya. Masaƙun Kaduna da Kano su ke saye. Da atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari, wuta ta gagara, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007, manomin auduga ya rasa mai saye ya koma masara da wake. Madarar shayi ma haka: da yawa daga cikin 'yan ƙullin da muke saye garin madara ne da aka cire wa mai a Turai aka maye gurbinsa da man itatuwa, yawanci na manja, a yankin da Fulani ke yawo da nono a ƙwarya suna neman mai saye. Ita kuwa ledar da aka ƙunso duk waɗannan, da ta fiya wata, kuɗinta yana zuwa ne daga baya, a kwalbatin da ta toshe ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da cikin saniya ko tunkiyar da ta rame ta mutu, mahauci ya farka tumbi ya tarar da dunƙulen leda.

To me mai saye zai iya? A ganina abin da zai iya ya fi yadda muke zato, amma bai kai yadda masu wa'azin sayen kayan gida suke faɗa ba. Wanda kuɗinsa bai wuce na mudu ɗaya ba, ba shi da zaɓi mai yawa, kuma zalunci ne a ɗora masa nauyin gyara tattalin arzikin ƙasa. Amma tambaya ba ta cin kuɗi. "Alhaji, wannan waken da me aka adana shi?" Ranar farko zai yi dariya. Idan mata goma suka tambaya a mako, zai fara tunanin buhu mai leda, domin ɗan kasuwa kunnensa yana wajen abin da masu saye ke nema. A shinshina hatsi, mai warin magani a bar shi. A shanya, a wanke sosai, a zubar da ruwan tafasar farko. Wannan yana ragewa, ko da ba ya kawar da komai. Mai hali ya sayi na shekara da kaka ya rufe a jarka da hannunsa. A kayan leda da gwangwani a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da jerin abin da aka haɗa, a kuma san cewa akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ake kai wa ƙara.

Waɗanda suka fi kowa ƙarfi a nan su ne manyan masu saye: makarantun kwana, asibitoci, gidajen abinci, 'yan kwangilar ciyarwa. Wanda ke sayen buhu hamsin a lokaci guda yana iya gindaya sharaɗi, kuma za a bi. Shugabannin kasuwa ma suna iya ware layi na hatsin da aka adana ba magani, su tsaya masa da sunansu, don mai gaskiya ya sami abin da zai bambanta shi. Addini ya riga ya shimfiɗa ƙa'idar. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hadisin bai hana sayar da kaya mai aibi ba, ɓoye aibin ya hana. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karanta a littafin Karin Magana cewa ma'aunin ƙarya abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ina so in ji limamai da fastoci suna ambaton maganin ƙwari a cikin hatsi da sunansa, kamar yadda suke ambaton tauye mudu.

Akwai kuma kayan da tambayar mai saye ba ta isa gare su ko kaɗan, sai doka da idon jama'a. Buhun simintin Ashaka da ake gini da shi a Arewa maso Gabas, dutsensa daga Funakaye ake fasa shi, kwal ɗin da ake gasa shi da shi kuma daga Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ake haƙo shi. An tashi mutanen ƙauyen daga mazauninsu aka sake musu matsuguni, kuma jaridu sun sha ɗauko kukansu a kan ƙura da ruwan sha da gonaki, kamfanin kuma yana lissafa gidaje da makaranta da asibitin da ya gina. Wanda ya sayi buhu a Jekadafari ba zai iya auna wannan da wancan ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ita ce ta wajabta wa duk mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Irin wannan takarda bai kamata ta zauna a aljihun mutum uku ba. A karanta ta da Hausa a gaban jama'a, a san abin da aka yi alkawari da ranar cikawa.

Wannan ya zama dole yanzu fiye da da, saboda Kolmani. A watan Nuwamban 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a wannan yanki da ke kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe. Sama da shekaru hamsin muna shan man da aka haƙo daga Neja Delta ba mu ga abin da ya bari a can ba, sai da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai na iya cin shekara 25 zuwa 30. Dokar man fetur ta 2021 ta tanadi kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da kamfani ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta gabata, a zuba a asusun al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu. Su wa za su zauna a kwamitin wannan asusu, wa zai auna ruwan rijiyoyi da na rafuka tun yanzu don a sami abin kwatantawa nan gaba, nawa za a biya manomi da makiyayi in bututu ya ratsa gona ko burtali, waɗannan su ne abubuwan da ya kamata 'yan majalisun jihohin biyu da hakimai da ƙungiyoyin matasan yankin su nema a rubuce kafin ganga ta farko ta bar wurin.